Wata biyar a cibiyar gashin da ke fara tambayar musabbabin ciwo

Wata biyar ke nan ina kai ƙanena wata cibiya mai zaman kanta a cikin birnin Kano, wadda aikinta shi ne gashi da horar da masu shanyewar ɓarin jiki, da farko sau uku a mako, daga baya aka mayar da mu sau biyu. Ina ganin wannan tsawon lokaci ya isa mutum ya faɗi ra'ayinsa a kan aikin wurin ba tare da an ce ya yi azarɓaɓi ba. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma har yanzu muna zuwa. Ni malamin makaranta ne da lalura ta mayar mai jinya, saboda haka abin da zan faɗa na fannin likitanci na koye shi ne a bakin masu duba ƙanena da kuma ɗan karatun da damuwa ta tilasta mini.

Ƙanen nawa tela ne, shekararsa 36, yana da mata da 'ya'ya uku. Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah, lokacin da teloli ba sa samun barci, yana kan keke da la'asar sai ya ce kansa kamar zai tsage, ya yi amai, almakashi ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma wata iri da ba a ganewa. Kafin in iso shagon maƙwabta sun riga sun yanke hukunci cewa iska ce ta buge shi. Wani ya kawo ruwan tofi, wani kuma ya aiki yaro kemis ya sayo asfirin saboda ya taɓa jin cewa yana tsinka jini, sai dai Allah ya sa ƙanena bai iya haɗiya ba. A asibiti aka auna jininsa aka samu 210 bisa 120, alhali bai taɓa awon jini ba tunda aka haife shi, kuma hoton ƙwaƙwalwa na si-ti ya nuna cewa jijiyar jini ce ta fashe a can ciki ta ɓangaren hagu. Likitan da ya karanta hoton ya ce da an yi nasarar ɗura masa asfirin ɗin nan, da ya ƙara zubar jinin ne kawai. Kwana 16 muka yi kafin a sallame mu, ƙafarsa ta dama tana ɗan motsi, hannun kuwa yana rataye kamar ba nasa ba.

Ranar da muka fara zuwa cibiyar na tafi da tunanin da yawancinmu muke da shi game da gashi, wato a kwantar da mutum, a kunna masa jar fitila, a shafa mai a murza. Na ɗauki shatar a-daidaita-sahu, mu biyu muka tallabo shi har ciki, sai jami'ar gashin da ke karɓar sababbin marasa lafiya ta tambaye ni takardar sallama da rahoton hoton ƙwaƙwalwa. Na ce suna gida, kuma ai ciwon a bayyane yake, ga hannu ga ƙafa. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, abin da nake gani sakamako ne. Sai na san abin da ya jawo shi sannan zan san abin da zan sa shi ya yi da abin da zan hana shi." Ta auna jininsa, ta nuna mana yadda za mu kwantar da shi da yadda za a tokare kafaɗar da matashi, amma ta ƙi fara komai sai na koma gida na ɗauko takardun. Raina ya ɓaci a ranar, har na ce a zuciyata salon cin kuɗi ne. Yanzu wannan ƙin da ta yi shi ne babban abin da nake yaba wa wurin a kansa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki da suna guda, hanyoyi biyu ne manya suke kawo shi: ko dai jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malala. A Turai da Amurka toshewa ce ke da rinjaye sosai, kusan 85 cikin 100. A nan yankinmu lissafin ya sha bamban, musamman ga matasa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa, ya fitar da rahoto a 2018 a kan mutum sama da 2,000 da ciwon ya kama. Kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan matasa fiye da rabi fashewar jijiya ce ta same su, hawan jini kuwa shi ne ummul'aba'isin mafi yawansu. Ashe ƙanena, wanda dangi ke ta mamakin yadda ciwon tsofaffi ya kama shi, yana cikin babban rukuni ne. Ita ma toshewar ba iri ɗaya ba ce, domin tun 1993 likitoci ke karkasa ta gida biyar gwargwadon asalinta: kitse da ya daskare a manyan jijiyoyi, gudan jini da ya taso daga zuciya, toshewar ƙananan jijiyoyi, wasu sanannun dalilai daban, da kuma wadda aka bincika ba a gano musabbabinta ba. A jikin katin kowane mara lafiya a wannan cibiya, layin farko bayan suna da shekaru shi ne wannan bayani, an rubuta shi da jar biro.

Ga wanda jijiya ta fashe masa kamar ƙanena, haɗarin yana farkon al'amari ne, domin kusan huɗu cikin goma na masu irin wannan zubar jini ba sa wuce watan farko. Amma wanda ya tsallake yana da wata dama, saboda wani ɓangare na naman ƙwaƙwalwar bai mutu ba, danne shi kawai jinin da kumburin suka yi, kuma yayin da jiki ke tsotse jinin a cikin makonni, wuraren da aka danne sukan farfaɗo. Jami'ar ta gaya mana tun ranar farko cewa kada mu tsorata idan makonnin farko suka wuce ba mu ga wani abin kirki ba, kuma haka aka yi. Abin da suka fi tsanantawa a kansa shi ne awon jini. Ana auna shi kafin a fara, ana auna shi bayan an gama, ana rubutawa, kuma sau biyu aka mayar da mu gida ba a yi komai ba saboda jinin ya hau, ba su karɓi kuɗin ranar ba, suka haɗa mu da takarda zuwa ga likitansa, wanda ya ƙara masa wani magani a kan amlodifin da yake sha. An kuma hana shi duk wani motsa jiki da zai sa ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, domin hakan na tayar da jini nan take.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suka gina horon a kan sana'arsa. A mako na shida jami'ar ta ce in zo da gwangwanin maɓallai daga shagonsa. Ta zube su a kan tebur, manya da ƙanana, ta ce ya riƙa ɗauka da hannun dama yana sakawa a kofi. Na tsaya ina kallon yatsun mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, suna ta lalube a kan maɓallin babbar riga, ya kama ya kuɓuce, ya kama ya kuɓuce, gumi na tsiyaya daga goshinsa. A ranar guda huɗu ya iya sakawa cikin minti goma, ta rubuta huɗu a katinsa, ta ce a gida ma a riƙa ƙirgawa. Bayan wata guda ya kai talatin da ɗaya. Daga nan aka koma ninke yadi, sannan riƙe alli a ja layi, ƙafar kuma aka ce ya riƙa taka keken ɗinki na ƙafa babu zare, minti biyar safe da yamma. Ni kaina na sha faɗa a wurinsu ranar da suka ga na jawo shi ta hannun da ya shanye zan tayar da shi daga kujera, domin kafaɗar da tsokarta ta saki tana iya gocewa, kuma ciwon kafaɗa na daga cikin abubuwan da ke mayar da horo baya. Tun daga ranar ta ƙugu nake kama shi.

A ɗakin jira ne na ƙara fahimtar hikimar jar biron nan, domin mutum yana zama da mutane iri ɗaya mako bayan mako har a saba. Akwai wata matashiya mai jego da aka fara kawowa bayanmu da mako biyu, mijinta da mahaifiyarta suna riƙe da ita, ƙafar hagu tana ja. Kafin a yi wata biyu ta shigo da ƙafarta, goye da jaririnta. Ƙanena ya bi ta da kallo, a hanyar gida ya yi ta ƙoƙarin haɗa magana har ya samu ya ce, "Yaya, ni fa?" Na kai wa jami'ar wannan tambaya, ba tare da ta buɗe mini katin kowa ba ta yi mana bayani cewa ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai irin toshewar da ke samun jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, wadda ta fi kama mata a lokacin ciki da jego, kuma idan an gano ta aka ba da maganin tsinka jini, kusan takwas cikin goma suna warkewa sarai ko kusa da haka. Mahaifiyar yarinyar ta tabbatar mini daga baya cewa abin da aka ce musu ke nan. Amma wata mai jegon, in ji jami'ar, za ta zo da alamu iri ɗaya sak, alhali nata ciwon daga zuciya ya taso, domin akwai raunin zuciya da ke biyo bayan haihuwa, wanda likitoci suka rubuta yawansa a Zariya tun shekarun 1970 kuma har yau ya fi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya. Zuciyar da ta raunana takan tara gudan jini ta harba shi ƙwaƙwalwa. Irin wannan mace ba za a sa ta hawa matakala sau goma ba kamar ta farkon, sai an auna numfashinta da bugun zuciyarta a kowane mataki, kuma makomarta ta rataya ne a kan farfaɗowar zuciyar fiye da farfaɗowar ƙafar.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne da bai kai talatin ba, wanda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba ya lalata masa wata ƙofa a cikin zuciya. Gudan jinin da ke tasowa daga zuciya yakan zama babba, sai ya toshe babbar jijiya, shi ya sa ɓarnarsa ke da faɗi, kuma yana iya sake tasowa kowane lokaci muddin ba a tsare shi da magani ba. Shi wafarin yake sha, maganin tsinka jini da ke buƙatar gwajin jini a kai a kai don kada ya yi kaɗan ko ya yi yawa, kuma wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2022 ya nuna cewa ga masu irin wannan ciwon zuciya tare da rikicewar bugu, tsohon wafarin ya fi ɗaya daga cikin sababbin magunguna masu tsada amfani. A wurin saurayin nan abin da ma'aikatan suke tsoro shi ne faɗuwa, domin wanda jininsa ya tsinke idan ya buga kai zai iya zubar da jini a ciki, saboda haka ba a taɓa barinsa ya tsaya ba tare da mutum a bayansa ba, kuma suna tambayar yayansa takardar gwaji kafin a fara. Wannan shi ne karo na biyu da ciwon ya buge shi. Yayan ya gaya mini cewa bayan na farko ya warke har ya koma makaranta, sai suka ga ai ya samu lafiya, kuɗin gwaji kuma ya yi nauyi, suka bar maganin. Na biyun ya tafi da maganarsa.

Abin da na gani a waɗannan mutane ya yi daidai da abin da masu bincike suka samu a ƙasashen da ke bin marasa lafiya shekara da shekaru. A Helsinki ta ƙasar Finlan an tattara bayanan mutum 1,008 masu shekara 15 zuwa 49 da toshewar jijiya ta kama tsakanin 1994 da 2007, a Holan kuma wani rahoto na 2013 ya nuna cewa a cikin masu shekara 18 zuwa 50 da suka tsallake watan farko bayan toshewa, fiye da ɗaya cikin huɗu ya rasu a cikin shekara 20. Waɗanda ciwonsu ya taso daga zuciya ko daga kitsen manyan jijiyoyi su ne suka fi fuskantar maimaici da mutuwa, waɗanda kuma jijiyar wuyansu ce ta tsage daga ciki, abin da ke yawan samun matasa bayan rauni ko murɗewar wuya, sun fi kowa samun sauƙi, domin tsagar takan haɗe cikin wata uku zuwa shida kuma da wuya ta dawo. Masu sikila nasu lissafin daban ne, tunda kusan 11 cikin 100 na masu nau'i mai tsanani ciwon kan buge su kafin shekara 20, kuma kariyarsu tana ga ƙarin jini a kai a kai ko maganin haidroksiyuriya. Na ga ana ba wata mai sikila hutu da ruwan sha tsakanin kowane motsi biyu, kuma ba a bari ta galabaita.

Sai dai wurin yana da nasa gazawar, kuma wasu daga ciki ba ƙanana ba ne. Mafi girma ita ce maganar horar da harshe. Zubar jinin ƙanena ta ɓangaren hagu ce, inda cibiyar magana take ga yawancin mutane, saboda haka ya fito asibiti yana iya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe amma ya kasa kiran sunan matarsa. Mai horar da magana sau ɗaya take zuwa a mako biyu, layinta kuma ya fi na kowa tsawo, sannan katunan hotunan da take aiki da su na Turanci ne, ɗauke da abubuwan da tela ɗan Kano bai taɓa riƙewa ba. A ƙarshe ni da matarsa muka yanka kwali muka manna hoton buta, da tabarma, da almakashi, da tuwo, da fuskokin 'ya'yansa, kuma yawancin ci gaban da ya samu a magana a tsakar gida aka same shi. Wurin da ya san muhimmancin tambayar musabbabi ya kamata ya san muhimmancin harshen da mara lafiya ke tunani da shi.

Babu kuma wanda ke kula da halin zuciyar marasa lafiya, alhali kusan ɗaya cikin uku na waɗanda wannan ciwo ya kama sukan faɗa cikin matsananciyar damuwa, kuma abin ya fi ciwo ga magidanci mai ƙananan yara da ya wayi gari ana ciyar da shi. A wata na uku ƙanena ya yi kwana goma ba ya son fita daga ɗaki, da na faɗa a cibiyar sai aka ce in riƙa ba shi haƙuri. Likitansa na asibiti ne ya ɗauki abin da muhimmanci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne teburin karɓar baƙi, inda ake jera kwalaben wasu ƙwayoyi da garin ganye da ake cewa suna ƙarfafa jijiya, kuma ma'aikacin wurin yana tallata su ga duk wanda ya zo biyan kuɗi ba tare da ya dubi jar biron da ke kan katin ba. Na ji da kunnena yana yi wa yayan saurayin nan mai shan wafarin tayi, alhali irin waɗannan haɗe-haɗe na iya rikita aikin maganin. Na kai ƙara ga jami'ar, ta nuna rashin jin daɗinta, amma kwalaben suna nan har makon jiya. Haka nan akwai wata na'ura mai jan tsoka da lantarki da ake biyan kuɗinta daban, mun yi ta sau takwas ban ga abin da ta ƙara a kan maɓallai ba. Gangaren keken marasa lafiya da ke ƙofa ya yi tsayi ƙwarai, banɗakin na tsuguno ne babu ko ƙarfen dafawa, mace ɗaya ce tak a cikin jami'an gashi don haka matan da ba sa son namiji ya taɓa su sukan yi awa biyu suna jira, kuma ba sa karɓar inshorar lafiya. Kuɗin zama ɗaya ya kai abin da lebura zai samu a kwana biyu, kuma na ga iyalai da dama sun ɓace bayan mako uku ko huɗu, daidai lokacin da ya fi muhimmanci, tunda mafi yawan farfaɗowa a watanni ukun farko take faruwa.

Tsarin nasu ma yana da iyaka da ba laifinsu ba ce. Mutane da yawa suna zuwa ba su taɓa yin hoton ƙwaƙwalwa ba saboda tsadarsa, wasu bayan sun shafe watanni tsakanin mai ruƙiyya da wanzami, kuma ko a ƙasashe masu kayan aiki akan rasa gano musabbabin toshewa a wajen kashi ɗaya cikin uku na matasa. Irin waɗannan ba a korarsu, ana fara musu horo mai sauƙi, ana kuma rubuta musu takarda zuwa asibitin koyarwa don hoton ƙwaƙwalwa da awon bugun zuciya da hoton zuciya da gwajin jini, kodayake ba kowa ke iya zuwa ba.

Duk da waɗannan, idan wani ya tambaye ni zan ce ya kai ɗan'uwansa, da sharaɗin ya tafi da takardar sallama, da rahoton hoto, da kwalayen duk magungunan da ake sha, ya ƙi sayen komai a teburin gaba sai ya tambayi likita, kuma idan magana ta taɓu ya shirya yin rabin aikin a gida. A yau ƙanena yana zuwa masallacin unguwa da sanda, yana kiran 'ya'yansa da sunayensu kodayake yakan musanya na biyu da na uku, kuma makon jiya ya ɗinke gefen zanin gado, layi madaidaici, a kan kekensa. Almakashi har yanzu ya fi ƙarfin yatsunsa, yaronsa ne ke yanka masa. Awonsa na safiyar Litinin 128 bisa 82 ne, kuma jami'ar ta ce daga wata mai zuwa sau ɗaya a mako za mu riƙa zuwa.